NAMIJIN DUNIYA KO KURA? JAWABI KAN JARUMTAKAR SHUGABANNIN ƘASA

A ranar Asabar ɗin makon jiya ne samarin 'yan uwa na garin Roni suka gudanar da zaman muzakararsu na wata-wata a harabar wata makarantar Islamiyya da ke cikin gari, zaman da ya samu halartar 'yan uwa daga Kazaure, Gwiwa da Babura. An soma ne bayan sallar La'asar da karatun Alƙur'ani mai girma, sannan aka gabatar da Malamin da aka gayyato, wanda ya yi jawabi a kan mazantaka da taurin da ake yabon shugabannin ƙasa da su. Ga abin da jawabin ya ƙunsa.

Bayan yabo da godiya ga Allah (T) da salati ga Manzon Allah (S), Malam ya soma da bayyana dalilin da ya sa aka zaɓi wannan maudu'i. Ya ce yau in ka zauna a teburin mai shayi, ko a majalisar ƙofar gida, ko a bakin tasha wajen 'yan acaɓa, magana ɗaya za ka ji tana yawo a bakin samari, ita ce wai ƙasar nan ba za ta gyaru ba sai an samu namijin duniya, mai kaki, mai ɗaure fuska, wanda in ya yi tsawa kowa zai shiga taitayinsa. Ya ce har hotunan sojojin da suka yi juyin mulki a ƙasashen maƙwabta ake tura wa juna a waya ana cewa ga maza.

Malam ya ce bai ga laifin samari ba a kan wannan buri, don wanda ya ga yadda kwanon gero ya gagari magidanci, ya kuma ji abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Katsina da Zamfara, dole ransa ya nemi mai ƙarfin da zai tsaya masa. "Amma 'yan uwana samari," in ji shi, "kafin mutum ya ce a ba shi namiji, ya kamata ya fara sanin waye namijin. Bahaushe yana da karin magana biyu. Ya ce namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa. Ya kuma ce kura, ga tsoro ga ban tsoro. Da dare in ka ji gurnani daga nesa ba lalle ka bambance su ba. To yau so muke mu haska fitila."

MIZANI UKU

Malam ya ce mutanen wannan yanki ba baƙin jarumtaka ba ne. Ƙasa ce ta dambe da kokawa bayan an kawar da amfanin gona, ƙasa ce ta farauta da 'yan tauri da shaɗin Fulani, kuma ita kanta masarautar Kazaure, wadda Roni da Gwiwa ke ƙarƙashinta, Ɗantunku ya kafa ta ne a kan doki a farkon ƙarni na 19. Don haka ba wanda zai zo ya koya wa ɗan Roni son jarumi. Abin da ake buƙata shi ne mizanin da za a auna shi.

Ya tunatar da 'yan uwa hadisin nan sananne da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda a cikinsa Manzon Allah (S) ya ɗauke sunan mai ƙarfi daga kan gwanin kayar da mutane a kokawa, ya ɗora shi a kan wanda yake iya riƙe kansa lokacin da fushi ya taso masa. Ya ce an ga wannan a aikace ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, yayin da Manzo (S) ya shiga garin da aka kore shi daga cikinsa da runduna ta mutum dubu goma, kansa a sunkuye don ƙanƙan da kai ga Allah, ya kuma yi wa mutanen garin afuwa alhali ba mai iya hana shi ɗaukar fansa. Ya kawo misalin Sayyidina Umar (RA), wanda duk Larabawa suka san zafinsa, amma a shekarar yunwar nan da ake kira Shekarar Toka, ta 18 bayan Hijira, ya haramta wa kansa nama da man shanu har sai talakawa sun samu, har launin jikinsa ya sauya.

Daga nan ne Malam ya fitar da tambayoyi uku da ya ce a riƙa yi wa duk shugaban da aka ce namiji ne. Ta farko, a kan wa yake gwada ƙarfinsa, a kan kansa da manya, ko a kan talaka? Ta biyu, yana iya jin gaskiya in an faɗa masa, ya kuma amsa kuskurensa? Ta uku, yana iya tashi daga kujerar in lokacinsa ya cika?

MURTALA: KWANA ƊARI BIYU

Malam ya ce in ana zancen namiji a cikin shugabannin Nijeriya, sunan da ke fara zuwa bakin ɗan Arewa shi ne Janar Murtala Ramat Muhammad, haifaffen Kano a 1938, tsohon ɗalibin Kwalejin Barewa ta Zariya. Ya hau mulki a ƙarshen Yuli 1975 bayan an hamɓarar da Janar Yakubu Gowon, aka kashe shi ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976 yana da shekara 37. Kimanin kwana 200 ke nan. A cikin wannan ɗan lokaci ya ƙara jihohi daga 12 zuwa 19, ya yanke shawarar mayar da babban birnin ƙasa Abuja, ya kuma sa ranar mayar da mulki ga farar hula.

Ya ce babban abin da ya sa aka shaidi Murtala shi ne, ya gwada ƙarfinsa a kan na sama da shi. Lokacin da shugaban Amurka Gerald Ford ya rubuto wa shugabannin Afirka takarda yana nuna musu matsayin da za su ɗauka a kan rikicin Angola, gwamnatin Murtala ta fallasa takardar a jaridu, shi kuma ya je taron ƙungiyar haɗin kan Afirka a Adis Ababa a watan Janairu 1976 ya faɗa a bainar jama'a cewa Afirka ta wuce a yi mata shifta. Sannan ya gwada ƙarfinsa a kan kansa, don ya ƙi jiniya da ayarin motoci. Ranar da mutanen Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka buɗe masa wuta a Ikoyi da ke Legas, a cikin cunkoson motoci suka same shi kamar kowa, ba wata motar sojoji a gabansa ko a bayansa.

Sai dai Malam ya ce amana ce a faɗi ɗaya gefen, ko da ba a son ji. A lokacin yaƙin basasa, Murtala ne kwamandan runduna ta biyu. A watan Oktoba 1967 ya dage sai ya tsallaka kogin Neja da sojoji a jiragen ruwa daga Asaba zuwa Onica, duk da shawarar da hedkwata ta ba shi ta ya zagaya ta ƙasa. Sau uku ana gwadawa ana dawowa da asarar rayukan sojoji masu yawa, kuma da dama daga cikinsu 'ya'yan talakawan Arewa ne. A wannan watan ne kuma sojojin rundunar suka kashe ɗaruruwan maza farar hula a garin Asaba, abin da mutanen garin suke juyayinsa har yau. Haka nan da ya hau mulki ya sallami ma'aikatan gwamnati sama da dubu goma nan take. A cikinsu akwai ɓarayi, akwai kuma waɗanda hassada ce kawai ta ci su, ba a ko saurare su ba.

"Ku lura da kyau," in ji Malam. "Zuciyar da ta tsaya wa Amurka, ita ce dai zuciyar da ta ƙi jin shawara a bakin kogi. Zafin nama doki ne. In da linzami ya kai ka gari, in babu ya kai ka rami. Mu roƙa masa gafarar Allah, mu ɗauki darasin duka biyun."

BULALA DA LAYI

Da ya juyo kan maƙwabci, Malam ya ce daga Kazaure zuwa Daura tafiya ce ta ɗan lokaci, don haka labarin Janar Muhammadu Buhari labarin gida ne. Ya karɓi mulki ranar 31 ga Disamba 1983 daga hannun Alhaji Shehu Shagari, shi da mataimakinsa Tunde Idiagbon, suka ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a watan Maris 1984. Dattawa suna tuna yadda aka koyi bin layi a tasha da banki, soja na tsaye da bulala, da yadda ake sa ma'aikacin da ya makara tsallen kwaɗo. An kuma ɗaure tsofaffin gwamnoni da ministoci da dama, wanda hakan ya faranta ran talakawa.

Amma ya ce a auna da mizanin. Dokar soja mai lamba 4 ta sa an ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, a 1984 saboda labarin da suka buga. A watan Afrilu 1985 an harbe samari uku a Legas kan laifin miyagun ƙwayoyi, da dokar da aka kafa bayan sun riga sun aikata laifin, abin da ko a shari'ar Musulunci ba a yi, don ba a kama mutum da hukuncin da bai iso masa ba. Sannan a watan Afrilu 1984 aka rufe iyakokin ƙasa aka canja kuɗi, a shekarar da fari ya cinye amfanin gona. Ya ce 'yan uwa na Babura da ke bakin iyaka su tambayi iyayensu. A wasu sassan Nijar har yau sunan da ake kiran yunwar wannan shekara shi ne El-Buhari. Ya ce wanda ya sa hannu a takardar rufe iyaka a Legas bai yi nufin kashe kowa da yunwa ba, amma tsauri in bai san inda zai sauka ba, a kan mai rauni yake sauka.

Malam ya ƙara da cewa Allah ya nuna wa mutane aya a kan wannan bawa nasa. An tumɓuke shi a watan Agusta 1985. Shekara talatin jama'a suna begen bulalarsa, har suka zaɓe shi a 2015 ya yi shekara takwas. Kowa ya ga cewa suna da kwarjini kaɗai ba su hana satar mutane a hanya ba, ba su kuma saukar da farashin shinkafa ba. Ya sauka a 2023 da wa'adinsa ya cika, ya rasu a watan Yuli 2025, aka binne shi a gidansa na Daura. Malam ya ce wannan saukar a kan lokaci a rubuta masa ita a gefen alheri.

BAƘIN TABARAU

Game da Janar Sani Abacha, haifaffen Kano a 1943, wanda ya mulki ƙasar nan daga 17 ga Nuwamba 1993 zuwa 8 ga Yuni 1998, Malam ya ce ya san akwai masu ƙaunarsa a cikin zaman, kuma suna da hujjarsu: litar fetur tana Naira 11, asusun rarar man fetur na PTF ya gyara hanyoyi ya kai magani asibitoci, kuma Turawa sun yi ta barazana bai ko gezau ba.

To amma ya ce a tambayi mizani. A ranar 10 ga Nuwamba 1995 an rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas na ƙabilar Ogoni bayan shari'ar kotun musamman da ba a ba su damar ɗaukaka ƙara ba. A watan Afrilu 1996 an tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi aka tsare shi. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, ɗan Katsina, ya rasu a kurkukun Abakaliki a watan Disamba 1997. A watan Maris 1998 aka tara matasa a Abuja suna roƙon Janar ya zarce, a wata mai bi kuma duka jam'iyyu biyar na lokacin suka tsayar da shi shi kaɗai. A nan kalmar tazarce ta yi tashe, har aka sa wa wani ɗinkin riga sunan. Ba a yi wata biyu ba mai rabawa ta raba. Bayan rasuwarsa an yi ta dawo da kuɗin da aka ɓoye a bankunan waje, a 2020 kaɗai an dawo da sama da Dala miliyan 300.

Malam ya ce abin da yake so samari su lura da shi shi ne, a ƙarshen mulkinsa Janar ba ya cika fita daga fadar Aso Rock ba, kuma hatta mataimakinsa, Janar Oladipo Diya, an kama shi an yanke masa hukuncin kisa kan zargin juyin mulki. "Wanda kowa ke tsoronsa," in ji Malam, "shi ma tsoron kowa yake. Me ya sa Fir'auna ya riƙa yanka jarirai maza na Bani Isra'ila? Tsoro ne. Sarki guda da runduna da dawakai, amma jinjiri a zanin goyo ya hana shi barci. Wannan ita ce kurar da Bahaushe yake faɗa."

TSALLAKEN IYAKA

Malam ya ce a Nijar ma an ga irin wannan. Seyni Kunce ya hamɓarar da Diori Hamani a watan Afrilu 1974 ana tsakiyar yunwa, ya sa sojoji suka raba hatsin agaji har ƙauyuka, ya kuma yi suna wajen faɗa wa ofisoshi ba sanarwa don ya ga wa ya zo aiki wa bai zo ba. Talakawa sun yaba masa a kan haka, amma a shekarunsa 13 ba jam'iyya, ba majalisar da aka zaɓa, kuma masu adawa da shi da dama sun sha ɗauri. Ya rasu a asibiti a Faris a 1987. Ibrahim Ba'are Mainasara ya karɓi mulki da bindiga a watan Janairu 1996, ranar 9 ga Afrilu 1999 kuma dogaransa na fadar shugaban ƙasa suka harbe shi a filin jirgin saman Yamai. Tanja Mamadu, tsohon soja da talakawa suka zaɓa sau biyu suna kuma sonsa, da wa'adinsa ya zo ƙarewa a 2009 sai ya rusa majalisa da kotun tsarin mulki don ya yi tazarce. A ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji suka ɗauke shi daga fada da rana tsaka. Malam ya ce mutumin da ya ci tambaya ta farko, sai ga shi ya faɗi a ta uku.

ƊAN DAMBE DA MALAMIN MAKARANTA

A nan ne Malam ya kawo labarin da ya fi jan hankalin samari. Ya ce Idi Amin na Yuganda ƙato ne na gaske, kuma kafin ya hau mulki a 1971 ya shafe shekaru yana riƙe da kambun damben ƙasarsa. Ya cika ƙirjinsa da lambobin yabo da ya ba kansa, ya kori 'yan asalin Indiya daga ƙasar cikin kwana 90 a 1972, an kuma kashe dubban ɗaruruwan mutane a zamaninsa. A 1978 ya tura sojoji suka mamaye wani yanki na Tanzaniya, har ya ƙalubalanci shugabanta Julius Nyerere da ya fito su yi dambe a raba gardama. Shi kuwa Nyerere siriri ne, tsohon malamin makaranta, mutanensa ma Malam suke kiransa da harshensu. Bai amsa gayyatar damben ba. Ya tara rundunarsa a natse, a watan Afrilu 1979 suka shiga Kamfala, ɗan damben ya tsere ya bar mutanensa, ya ƙare rayuwarsa a gudun hijira a Jidda a 2003. Nyerere kuma ya sauka daga mulki don kansa a 1985 ya koma ƙauyensu.

"Wannan malamin makarantar ba Musulmi ba ne, shi kuma ɗan damben sunan Musulmi gare shi," in ji Malam. "Na faɗa muku ne don kada wani ya ruɗe ku da suna ko da faɗin ƙirji. Zalunci ba ya zama jarumtaka don mai yin sa ya yi salla."

Ya ambaci Samuel Doe na Laberiya, wanda ya sa aka ɗaure manyan jami'an gwamnati 13 a jikin turaku a bakin teku aka harbe su a 1980, bayan shekara goma shi ma aka kama shi aka yi masa kisan wulaƙanci a gaban kyamara. Ya ambaci Saddam Husaini na Iraƙi da ake nunawa yana harba bindiga da hannu ɗaya, wanda ya jefa ƙasarsa a yaƙin shekara takwas da Iran daga 1980, ya mamaye Kuwaiti a 1990, a ƙarshe aka zaƙulo shi daga rami a watan Disamba 2003. Ya ce shi ma wanda ya kayar da shi, George Bush ƙarami, a ranar 1 ga Mayu 2003 ya sauka a kan jirgin ruwan yaƙi sanye da kayan matuƙin jirgin sama yana shelar an gama babban yaƙi, amma sojojin Amurka ba su bar Iraƙi ba sai a ƙarshen 2011, bayan mutuwar kusan 4,500 daga cikinsu da Iraƙawan da ba su ƙirguwa. Ya ce a tarihin ita Amurkar, shugaban da aka zaɓa har sau huɗu, wanda ya jagorance ta a yaƙin duniya na biyu, wato Franklin Roosevelt, gurgu ne da ake turawa a keke, sai dai an yi ta ɓoye kekensa daga masu ɗaukar hoto don kada a ce shugaba ba namiji ba ne.

WAƊANDA AKA CE MUSU RAGWAYE

Malam ya ce akwai wata jarumtakar da ba ta da gurnani, shi ya sa samari ba sa ganinta. Janar Abdussalami Abubakar ya samu kujerar da Abacha ya bari, ga soja ga bindiga a hannunsa, amma cikin wata 11 ya miƙa mulki ranar 29 ga Mayu 1999. Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa, tsohon malamin kimiyya daga Katsina, marar lafiya, mai sanyin murya, wanda 'yan jarida suka riƙa yi wa ba'a da jan ƙafa, ya tsaya ranar rantsar da shi a 2007 ya amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kafa kwamitin gyara a ƙarƙashin Mai shari'a Muhammadu Lawal Uwais, ya bayyana dukiyarsa ga jama'a, ya kuma yi wa tsagerun Neja-Delta afuwa a 2009, abin da ya kwantar da wutar da bindiga ta kasa kashewa. Ya ce shi ma yana da nasa, don a zamaninsa ne aka kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Maiduguri ba tare da shari'a ba, kuma kowa ya ga abin da wannan ya haifar. Goodluck Jonathan, wanda aka yi ta kira rago, ya ɗauki waya a ƙarshen Maris 2015 ya taya abokin takararsa murna tun ba a gama faɗin sakamako ba, Allah kaɗai ya san rayukan da wannan waya ta tsirar a garuruwan Arewa. Nelson Mandela ma ya yi dambe da ƙuruciya, ya yi shekara 27 a kurkuku, da ya hau mulki a 1994 bai ɗauki fansa ba, ya yi wa'adi ɗaya ya sauka.

ABIN DA YA SHAFE KU

A ƙarshen jawabin Malam ya ce bai tara 'yan uwa don su yi hirar shugabanni su watse ba, don da wuya a samu wanda zai zama shugaban ƙasa a cikinsu, amma kowannensu shugaba ne a wani wuri, ko zai zama. Wani yayan ƙanne ne, wani mai gida ne sabon aure, wani malamin aji ne da bulala a hannu, wani yana da yaran shago. Ya ce tambayoyin nan uku a kanku za su fara.

Ya ce saurayin da ya ɗauka mazantaka ita ce a ji tsoronsa, shi ne wanda ɗan siyasa ke saye da Naira dubu biyu da ƙwaya lokacin zaɓe, a ba shi gora da adda ya je ya fasa kan ɗan uwansa talaka, alhali 'ya'yan mai gidan suna karatu a waje. Shi ne wanda ke yi wa matarsa tsawa a gaban mutane don a ce ya isa da gidansa, amma in ya ga mai kaki a shingen hanya jikinsa na ɓari. Ya tunatar da cewa Manzon Allah (S), wanda jaruman Sahabbai suke fakewa a bayansa in yaƙi ya yi tsanani, bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba, kuma yana taya iyalinsa aikin gida. Ya ce Thomas Sankara na Burkina Faso, wanda samari ke liƙa hotonsa, ya taɓa ware rana guda a 1984 ya ce maza su ɗauki kwando su je kasuwa su yi cefane, don su san abin da matansu ke sha. "Wanda yake son hular Sankara," in ji Malam, "to ya haɗa da kwandon." Nan wuri ya ɗauki dariya.

Da aka ba da damar tambayoyi, wani ɗan uwa daga Gwiwa ya miƙe ya ce, "Allah ya gafarta Malam, da wannan hali na 'yan bindiga da ake ciki, ashe ba gara mai taurin ba ko da zai yi kuskure?" Malam ya amsa da cewa ba wanda ya ce a yi wa azzalumi sassauci, kuma shugaba rago musiba ne. Amma taurin da ake buƙata shi ne na wanda zai hukunta babban jami'in da ya cinye kuɗin makamai, ya biya ƙaramin soja haƙƙinsa, ya kama mai kai wa ɓarayi bindiga ko da ɗan jam'iyyarsa ne. Ya tuna wa 'yan uwa abin da ya faru a Tudun Biri ta jihar Kaduna a watan Disamba 2023, inda jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam a kan masu Mauludi, mutum aƙalla 85 suka rasu. Ya ce ƙarfin da ba a haɗa shi da bincike da adalci ba, abin da yake haifarwa ke nan, kuma in kuskuren mai tauri ya faɗo, ba a gidan gwamnati yake faɗowa ba, a irin ƙauyukanmu ne.

Wani kuma daga Babura ya tambaya ko ta yaya saurayi zai koyi wannan riƙon kai. Malam ya ce da abin da yake hannunsa zai fara: ya tashi sallar Asuba a kan lokaci ba sai an tashe shi ba, ya riƙe sana'a ko gona ya daina miƙa hannu, ya yi azumin nafila, in an ɓata masa rai ya yi shiru ya sauya wuri ya yi alwala, in ya yi wa ƙaninsa ko matarsa ba daidai ba ya buɗe baki ya ce a yafe masa. Ya ce wanda ya gwada wannan na ƙarshen zai gane cewa ya fi shiga fagen dambe wuya.

An rufe zaman da addu'ar neman zaman lafiya da shugabanni masu adalci dab da kiran sallar Magariba, aka kuma sanar da cewa zama na gaba a Kazaure za a yi shi in Allah ya kai mu.